A Jawo Faiba Cikin Gida, Amma a Yi Lissafi Kafin a Biya Kuɗin Gigabit

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin magidanta tun da kamfanonin sadarwa suka fara jan wayar faiba, wayar intanet ta zaren gilashi, har cikin gidaje, wato ko ya dace mutum ya biya kuɗin intanet mai matuƙar gudu, irin wanda ake tallatawa da sunan gigabit, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai. Na daɗe ina amfani da irin wannan layi, na kuma taimaka wa 'yan'uwa da abokai wajen zaɓen nasu, saboda haka abin da zan faɗa ya samo asali ne daga abin da na gani da idona da kuma ɗan lissafin da kowa zai iya yi da kansa. A ganina tambayoyi biyu ne aka cure wuri ɗaya, kuma masu talla sun fi son su zauna a cure. Ta farko ita ce ko wayar faiba ita kanta ta cancanci a jawo ta gida, ta biyu kuma ita ce ko ya kamata a sayi mafi girman gudun da ake sayarwa a kanta. Amsata ga ta farko ita ce e, ba tare da wata-wata ba, amma ga ta biyu, yawancin gidaje ba su da bukata.

Faiba zare ne na gilashi mai tsabta, kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba, kuma saƙo yana tafiya a cikinsa ne a matsayin haske maimakon wutar lantarki. A shekarar 1966 ne Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa ƙazantar da ke cikin gilashi ce take cinye haske, kuma idan aka tace gilashin sosai zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa mai yawa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, shi kuma Kao ya samu kyautar Nobel a 2009 saboda wannan aiki. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne domin a fahimci inda fifikon faiba yake. Wayar jan ƙarfe da aka saba da ita tana raunana gwargwadon nisan gida daga cibiyar kamfani, danshi yana lalata mahaɗanta, kuma na'urorin lantarki da ke kusa suna iya dagula mata saƙo. Intanet na wayar salula shi ma yana hawa da sauka bisa yawan mutanen da ke kan turken sadarwa ɗaya a lokaci guda. Zaren gilashi kuwa yana iya tafiyar kusan kilomita 20 daga cibiya zuwa gida ba tare da an ƙara masa ƙarfi a hanya ba, baya tsatsa, kuma ƙarfin lantarkin da ke kewaye da shi baya shafar sa. Wannan ɗorewa da rashin tangarɗa su ne babbar ribar faiba, kuma mai ƙaramin gudu da mai babban gudu duk suna samun su daidai wa daida, tunda zare ɗaya ne ya shiga gidajensu.

Sai mu zo ga lissafi, domin a nan ne ake rikita mutane. Ana auna gudun intanet da megabit a sakan ɗaya, gigabit kuma megabit 1,000 ne. Girman fayil, kamar bidiyo ko hoto, ana auna shi ne da megabait, kuma megabait ɗaya megabit 8 ne, saboda haka layin gigabit, idan komai ya tafi daidai, yana sauke megabait 125 ne a sakan. Yanzu sai a tambaya, nawa ne ayyukanmu na yau da kullum suke ci? Kamfanin Netflix, wanda sana'arsa ke nan tura fim ta intanet, yana ba da shawarar megabit 5 don kallon hoto mai kyau sosai, da megabit 15 don hoto mafi kyau da ake kira 4K. Kiran bidiyo na Zoom mai hoto tangaram baya kai megabit 4. Sauraron karatu ko rediyo ta intanet baya cika ko megabit ɗaya. A ɗauka gida ne mai mutum shida, biyu suna kallon fim na 4K a talabijin daban-daban, biyu suna kallon bidiyo a wayoyinsu, ɗaya yana taron aiki ta bidiyo, ɗaya kuma yana karatu. Idan aka tara duka, da ƙyar za a kai megabit 50. Layin megabit 100 zai ɗauke su har da ragi mai yawa, layin gigabit kuwa zai zauna ne kashi 95 cikin ɗari nasa ba a taɓa shi ba, kuma mai gida yana biyan kuɗinsa duk wata. Ko hukumar kula da sadarwa ta Amurka, wadda a 2015 ta ɗauki megabit 25 na saukewa da 3 na ɗorawa, wato aikawa, a matsayin ma'aunin intanet mai sauri, da ta tashi ɗaga ma'aunin a 2024 ta tsaya ne a megabit 100 da 20.

Wani zai ce ai ko ba a cinye gudun duka ba, shafuka za su riƙa buɗewa da sauri. A nan ma abin ba haka yake ba, kuma wannan shi ne ɓangaren da na fi so masu karatu su lura da shi. Akwai abu biyu da ke sa mutum ya ji intanet ɗinsa na da sauri: yawan abin da layi ke iya ɗauka a sakan, da kuma tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo da amsa. Na farko shi ake sayarwa a talla, na biyu kuma shi ne mutum yake ji a jikinsa yayin da ya danna wani abu yana jira. Kafin shafi ɗaya ya buɗe, kwamfuta takan aika ƙananan tambayoyi masu yawa zuwa wurare daban-daban, kowace sai ta je ta dawo, kuma faɗin layi ba ya rage nisan wannan zirga-zirga. Wani injiniya mai suna Mike Belshe, lokacin da yake aiki a Google, ya gwada wannan a 2010, ya gano cewa ninka gudu daga megabit 5 zuwa 10 bai rage lokacin buɗewar shafi ba sai da kimanin kashi 5 cikin ɗari, alhali duk ragin da aka yi a jinkirin amsa yana bayyana kai tsaye. Gaskiya ne shafukan yau sun fi na wancan lokaci nauyi, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi, don haka idan kwamfutar da ke riƙe da shafin tana nisan kilomita 6,000, zuwa da dawowa ba za su gaza kashi 6 cikin ɗari na sakan ba, kuma babu kuɗin da mutum zai ƙara wa kamfani ya rage wannan. Faiba tana da ƙarancin jinkiri idan aka kwatanta ta da wayar jan ƙarfe ko layin salula, balle tsohon tsarin tauraron ɗan'adam da ke nisan kilomita 35,786 a sama, wanda amsarsa ke haura rabin sakan. Sai dai wannan alheri ma yana tare da zaren ne, mai megabit 100 yana cin moriyarsa kamar yadda mai gigabit yake ci.

Akwai kuma wata matsala da take cikin gidan kansa, wadda ni da kaina na faɗa cikinta. Da na fara ƙara gudun layina zuwa mafi girma, na yi zaton komai zai sauya, amma da na auna a ɗakin da na fi zama sai na tarar abin da nake samu bai bambanta da na da ba. Na yi ta zargin kamfanin na tsawon makonni, har sai da na haɗa kwamfuta da na'urar rarraba intanet ta waya kai tsaye, na ga gudun yana nan cif kamar yadda aka yi alkawari. Ashe laifin na Wi-Fi ne. Zaren gilashi yana ƙarewa ne a bakin wani ɗan akwati da aka manna a bango, daga nan kuma saƙon yana bin iska zuwa wayoyinmu, yana ratsa bango da ƙofa da kayan ɗaki, kowanne yana rage masa ƙarfi. Zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 yana ratsa bango amma ba shi da gudu sosai, ga shi kuma maƙwabta duk suna cunkushe a kansa, zangon gigahaz 5 kuwa yana da gudu amma bango biyu sun isa su karya shi. Tsofaffin kwamfutoci da talabijin masu yawa mashigar wayarsu ba ta wuce megabit 100 ba, ko da kuwa an kawo musu gigabit har bakin ƙofa. Hatta mashiga ta zamani mai gigabit, abin da take bayarwa a zahiri kimanin megabit 940 ne. Da na mayar da na'urar tsakiyar gida, na ɗaga ta sama, na kuma ja waya zuwa talabijin, sai na samu sauyin da ƙarin kuɗin wata bai ba ni ba. Daga baya na koma ƙaramin tsari, kuma har yau babu wanda ya lura a gidan.

Ya kamata masu karatu su san cewa layin da ke shiga gidansu ba nasu ne su kaɗai ba. A tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira GPON, zare ɗaya ne yake fitowa daga cibiyar kamfani ɗauke da kimanin gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na ɗorawa, sannan a raba haskensa ga gidaje da za su iya kai 32 ko 64. Ba yaudara ba ce a kan kanta, domin da wuya a ce dukkan gidajen sun matsa wa layin a lokaci guda, kuma da wannan rabo ne kuɗin yake sauƙi. Amma hakan yana nufin ba zai yiwu kowane gida ya samu cikakken gigabit a sakan ɗaya ba, shi ya sa ake rubuta "har zuwa" da ƙananan haruffa kafin adadin da aka rubuta da manya. Bayan haka kuma, wurin da mutum yake sauke abu shi ma yana da iyakar da ya sanya wa kowane mai ziyara, kuma hanyar da ke tsakanin kamfaninka da sauran duniya tana iya cushewa da daddare lokacin da kowa ya dawo gida. Kamfanin da ke sayar da megabit 200 yana kuma cika alkawari da ƙarfe tara na dare ya fi wanda ke sayar da gigabit amma sai da asuba ake ganinsa.

Ba na so a ɗauka ina cewa babban gudu ba shi da masu shi, domin yana da su, kuma a wurinsu kuɗin ba asara ba ne. Wasannin kwamfuta na zamani sukan kai gigabait 100 ko fiye, gigabait ɗaya kuma megabait 1,000 ne. A kan layin megabit 100 sauke irin wannan zai ɗauki fiye da awa biyu, a kan gigabit kuwa ƙasa da minti 15, idan ɗaya ɓangaren ya yarda ya saki gudun. Wanda yake yin haka sau ɗaya a wata zai iya barin kwamfutarsa ta yi aikin yana barci, amma wanda abincinsa ya rataya a kan tura manyan fayiloli kullum, kamar mai tace bidiyo, ko mai zanen gine-gine, ko mai ɗaukar hoto da ke aika aiki ga abokan hulɗa, kowace awa da ya rage kuɗi ce a aljihunsa. Haka nan babban gida mai mutane goma sha wani abu, ko wanda ya mayar da wani sashe na gidansa ofis mai ma'aikata.

A wurin irin waɗannan mutane ma, adadin da ya kamata su fi dubawa shi ne na ɗorawa, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Tsofaffin layukan jan ƙarfe an gina su ne bisa zaton cewa mai gida karɓa kawai yake yi, shi ya sa gudun aikawarsu bai cika wuce megabit ɗaya ba. Yau kuwa kowa yana aikawa: wayoyi suna ɗora hotuna don ajiya, ɗalibai suna miƙa aiki, kyamarorin tsaro suna tura hoto dare da rana, kiran bidiyo kuma rabinsa aikawa ne. Idan hanyar aikawa ta cushe, har saukewar ma takan tsaya cak, domin kwamfuta tana bukatar ta riƙa aika ƙananan saƙonnin tabbatar da cewa abin da aka turo ya iso. Sau da yawa idan murya ta riƙa yankewa a tsakiyar taro, dalilin shi ne wata waya a wani ɗaki tana ɗora bidiyo. Bidiyo mai gigabait 10 zai ci fiye da awa biyu a kan megabit 10 na ɗorawa, amma a kan megabit 100 bai kai minti 15 ba. Faiba tana iya ba da gudun aikawa daidai da na saukewa, sai dai ba kowane kamfani ne yake sayar da ita haka ba. Da za a ba ni zaɓi tsakanin megabit 200 ta kowane ɓangare da gigabit mai ɗan ƙaramin gudun aikawa, na farkon zan ɗauka.

Hujjar da aka fi kafawa don sayen mafi girman tsari ita ce tanadi don gaba, cewa bukata tana ƙaruwa kowace shekara kuma gara mutum ya riga ta. Ban musanta cewa bukata tana ƙaruwa ba. Wanda ya yi zamani da layin tarho mai kilobit 56, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na megabit ba, a shekarun 1990 bai taɓa tunanin za a riƙa kallon fim kai tsaye ta intanet ba, kuma mai yiwuwa ne nan gaba wani abu ya fito da zai cinye gigabit. Amma wannan hujja ce ta jawo zaren, ba ta biyan kuɗin gudun da ba a bukata tun yanzu ba. Zaren da aka binne yau shi ne dai zai ɗauki gigabit 10 a sabon tsarin XGS-PON, abin da ake canzawa kawai na'urorin da ke bakinsa biyu ne. Ƙara gudu daga ƙaramin tsari zuwa babba sau da yawa baya bukatar kowa ya zo gida, daga ofis ake yi. To tunda ƙarin yana nan yana jira duk ranar da bukatarsa ta taso, mene ne amfanin biyan kuɗinsa shekaru kafin ranar? Google ya fara sayar wa gidaje gigabit a birnin Kansas na Amurka tun 2012, kuma fiye da shekara goma bayan haka ban ga wani aikin gida na yau da kullum da ba ya yiwuwa sai da shi ba. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne yarjejeniya mai tsawo, domin kamfanoni sukan sauƙaƙa hawa sama su tsananta saukowa ƙasa.

Akwai abubuwa biyu da suka fi gudu muhimmanci waɗanda ba a cika tambaya a kansu ba sai matsala ta auku. Gilashi baya ɗaukar wutar lantarki, saboda haka saɓanin tsohon tarhon gida da ke samun wutarsa daga cibiya, akwatin faiba da na'urar rarrabawa suna mutuwa da zarar wuta ta ɗauke, sai fa idan an tanadar musu ɗan batiri, kuma abin farin ciki wutar da suke ci kaɗan ce. Na biyu kuma, idan zaren ya tsinke, ko masu haƙa rami suka sare shi, ko aka lanƙwasa shi fiye da kima a bayan kujera, mai gida ba zai iya ɗaure shi da hannu kamar wayar lantarki ba, dole sai ma'aikaci ya zo da injin da ke narka bakin gilashin biyu ya haɗe su. Don haka kafin mutum ya sa hannu, gara ya tambayi maƙwabtan da suka riga shi kwana nawa kamfanin yake ɗauka kafin ya zo gyara. Ya kuma karanta sharuɗɗan da kyau ya ga ko tsarin da aka kira marar iyaka yana da wani adadin data da idan an kai shi ake rage gudu, domin babban gudu a kan data mai iyaka ba abin da yake yi illa saurin ƙarar da ita.

Ya Edita, roƙona gare ka da ma'aikatanka shi ne ku taimaka wa masu karatu ta hanyar matsa wa kamfanoni su riƙa faɗin gaskiyar abin da suke sayarwa. Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki mataki. A Birtaniya, tun 2018 ƙa'idar talla ta tilasta cewa gudun da za a ambata ya zama wanda aƙalla rabin masu amfani da layin suke samu a lokacin cunkoso, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. A Amurka kuma, daga 2024 an wajabta wa manyan kamfanoni su nuna wata takarda mai sauƙin karantawa da ke bayyana kuɗin wata, da gudun saukewa da na ɗorawa da aka saba samu, da jinkirin amsa, da iyakar data. Ina fatan duk lokacin da wakilinku zai yi hira da wani kamfanin intanet, ko zai rubuta labarin sabon tsarin da aka ƙaddamar, zai tambaye su gudun ɗorawa, da gudun da ake samu da daddare, da yawan gidajen da ke raba zare ɗaya, da kuma tsawon lokacin da gyara yake ɗauka, sannan ku buga amsoshin gefe da gefe domin mai gida ya kwatanta kafin ya zaɓa.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu na kullum